Fatar da ke Ƙarƙashin Fata

Shafi na 21

Masu turo saƙo suna cewa na shanya su a rana, ku yi min afuwa. Biki na je Yekuwa, can kuwa sai mutum ya hau tudu yake samun rezon waya. Ƙande ta Dungas, ke da kika rantse ba ki da gwani sai Yaya Zubairu, gyara zama.

*

Rabe mai ɗinkin kujerun mota ya tsuguna a ƙofar gaba, ya ɗora yatsa a kan kujerar ya danna. Man shanu ya tsattsafo ta ƴan ƙananan ramukan fatar.

"Madam, wannan ya wuce goge-goge. Man ya shige ciki."

Hinda ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Malam Rabe ka rufa min asiri. Baban Dauda yana hanya daga Damagaram. Motar nan ko gyaɗa ya hana a ci a cikinta."

Saliha tana tsaye a gefe, ta kasa ɗaga ido ta kalli matar yayan nata. Ita ta jawo. Ita ta roƙi Hinda su je Dantchiao su ɗauko surukarta Ya Kaka, mahaifiyar mijinta Husaini, su kawo ta ganin likita. Tsohuwa ta zauna gaba da ƙwaryar man shanu a cinya, ta ce a kashe mata sanyin nan yana shiga mata ƙashi. Rana ta yi aikinta ta gilashi, mota ta faɗa rami, ƙwarya ta kife.

"Ki yi haƙuri Tanti Hinda," Saliha ta faɗa a hankali.

"Ke bar ni da haƙurin nan, ki yi mana addu'a kawai."

Rabe ya miƙe yana goge yatsa a jikin wando. Dattijo ne siriri, duk Magariya an san rumfarsa ta bayan tasha, inda tsofaffin kujerun taksi ke jibge suna jiran ɗinki. Irin wannan mota ba ta saba tsayawa ƙofarsa ba. Ya sake leƙa ciki yana kaɗa kai. Fata ce kalar madara tun daga kujeru har jikin ƙofofi, an yi mata ɗinki gida-gida kamar saƙar zuma. Gaban motar katako mai sheƙi, rufin sama laushi kamar karammiski.

"Masha Allah. Fatar saniya ce ta gaske, ba roba ba. Madam ji ƙamshi."

"Ni ba ƙamshi ya kawo ni ba, Malam Rabe."

Ya yi dariya.

"Kin ga ƴan ramukan nan? Ta nan iska mai sanyi ke fitowa ta bugi bayan mutum. To ta nan man ya bi. In aka bar shi, jibi motar nan warin ruga za ta yi. Sai na farke ɗinkin ƙasa na zare rigar, na wanke soson."

"Za ka mayar yadda take?"

"Ko mai motar ba zai gane ba."

"To bisimilla, yi sauri."

Ya ɗauko reza da ƴar ƙugiyarsa. Ya tura kujerar baya, ya sunkuya ƙarƙashinta. Saliha ta zauna a kan wani benci tana jin ƙarar zare na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Can Rabe ya tsaya.

"Ikon Allah."

"Mene ne kuma?" in ji Hinda.

"Madam, a ina Alhaji ya ce ya sayo motar nan?"

"Kotonu. Daga jirgin ruwa sai hannunsa."

Rabe ya kama bakin fatar ya ja ta sama a hankali, kamar mai fiɗar rago.

Babu soso a ƙarƙashi.

Wata fatar ce. Ja mai duhu, kalar zoɓo, ta sha zama har ta yi tsage-tsage.

"Riga aka ɗora a kan riga," Rabe ya ce. "Masu ƙera mota ba sa yin haka. Wannan aikin hannu ne, kuma wanda ya yi shi sauri yake. Bai tsaya cire tsohuwar ba."

Hinda ta yi tsaki.

"To an cuce shi ke nan, an sayar masa da tsohuwa. Ni dai ka wanke min man."

Saliha ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

Kalar nan.

Ta ce wa ranta motoci masu jan ciki sun fi a ƙirga. Ta ce wa ranta shaiɗan ne. Amma ƙafafunta sun riga sun kai ta bakin ƙofar.

Shekara huɗu ke nan da Husaini ya fita da motar ubangidansa Alhaji Ari, babban ɗan kasuwar nan, zai kai saƙo Dungas. Daga shi har motar ba a sake ganinsu ba. Gari ya ɗauka ya gudu da ita Najeriya. Tun daga lokacin take zaune gidan yayanta Zubairu ita da ƴarta Hidaya, ba matar aure ba, ba bazawara ba.

Motar Alhaji Ari baƙa ce. Wannan fara ce.

Amma cikin waccan ja ne. Kalar zoɓo.

"Malam Rabe." Muryarta ta fito kamar ba tata ba. "Ƙara ja. Ta gefen ƙofa."

"Hajiya?"

"Don Allah ka ja."

Ya kalli Hinda, ya kalli Saliha, ya ja.

A gefen kujerar, daidai inda cinyar mutum ke sauka, akwai wani faci. Bai fi ganyen magarya ba. Jar fatar akuya ce, an zagaye ta da koren zare.

Saliha ta kai hannu ta taɓa.

Sai ta zube ƙasa a zaune.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Saliha! Ke lafiya?" Hinda ta riƙo kafaɗarta. "Malam Rabe kawo ruwa!"

"Ni na ɗinka."

"Kika ɗinka me?"

"Facin nan. Tanti, ni na ɗinka shi da hannuna."

Hinda ta sake ta.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Baban Hidaya ne ya tsaya shan shayi a hanyar Yekuwa, ya sa furno a mota ya ɗauka wutar ta mutu. Garwashi ya faɗo ya ƙona kujerar. Ya shigo gida jikinsa na rawa, ya ce Alhaji Ari zai kore shi. Na yanko fata cikin ragowar kayan dukancin Baba. Jan zarena ya ƙare, na sa kore. Har yana min tsiya wai na yi wa motar Alhaji lalle."

Hayaniyar ƴan kamasho na shigowa daga tasha.

"A'a," Hinda ta ce tana ja da baya. "A'a Saliha. Faci ai faci ne. Ke kaɗai kika iya ɗinki a duniya?"

"Ki duba ƙarshen zaren. Ƙulli biyu ne a jere, yadda Baba ya koya mana. Yaya ma ya san ƙullin nan."

Hinda ta sunkuya ta duba. Ba ta ɗago da wuri ba.

"Wataƙila ɓarayin ne suka canza mata fenti suka kai Kotonu," ta faɗa da sauri, kalmomin na tuntuɓe da juna. "Shi kuma ya saya bai sani ba. Ai ana haka. Ko ba a yi, Malam Rabe?"

"Ana yi, Madam."

Amma ba ita yake kallo ba. Ya riga ya zare rigar har zuwa majinginar baya, hannunsa ya tsaya a wuri ɗaya.

"Me ka gani?" Saliha ta tambaya.

"Ba komi."

"Malam Rabe, don girman Allah."

Ya matsa gefe.

A jikin jar fatar, can ƙasan majinginar, akwai huda. Ƴar ƙarama, zagayayya, yatsa ɗaya zai shige ta. Daga bakinta wani baƙin tabo ya gangaro har kan mazauni, ya bushe ya yi tauri, fatar wurin ta tattare.

Rabe ya sa reza ya ɗan tsaga gefen hudar. Soson ciki, wanda ya kamata a ce ruwan ɗorawa ne, ya rine ya koma kalar ƙasa.

"Man shanun ne ya..." Hinda ta fara, ta kasa ƙarasawa.

"Madam, man yau ya zube. Wannan ya daɗe." Ya sauke murya. "Motocin da suka yi haɗari suna zuwa hannuna. Na san jini in ya kwana a soso."

"Hudar fa?" in ji Saliha.

Rabe ya tura ƙugiyarsa ciki, ya lalubo, ya jawo. Wani ɗan dunƙulen ƙarfe ya faɗo kan tafinsa, bakinsa a lanƙwashe. Harsashi.

Hinda ta toshe baki da hannu biyu.

Saliha ba ta yi kuka ba. Ta ƙura wa ƙarfen ido.

"Sun kashe shi," ta ce. "Ashe kashe shi aka yi. Ana ta ce masa ɓarawo, ashe yana ƙasa."

"Hajiya, ni dai shawarata," Rabe ya ce yana waige-waige, "a rufe motar nan a kira jandarma. Ni talaka ne, ba na son..."

Ƙarar babur ta katse shi.

Ɗan kabu-kabu ya tsaya daidai bakin rumfar, Zubairu ya sauko. Shaddarsa fara ƙal, hula a karkace, ƙurar hanya a takalminsa. Daga gani bai ko zauna a gida ba.

"Hinda! Wa ya ba ki lakilen mota? Na shigo gida ba mota, mai gadi ya ce min wai kin..."

Maganar ta maƙale.

Ya ga ƙofar gaba a buɗe. Ya ga farar fatar a zare tana reto. Ya ga jar da ke ƙarƙashi.

Jakar da ke hannunsa ta faɗi ƙasa.

Saliha tana kallon fuskarsa. Ta so ta ga mamaki. Da zuciya ɗaya ta roƙi Allah ta ga mamaki a fuskar nan.

Tsoro ta gani.

"Wa ya ce ka taɓa min mota?" ya ce da Rabe, muryarsa can ƙasa.

"Alhaji, man shanu ne ya zube, Madam ta ce..."

"Mayar da ita yadda take. Yanzu."

"Yaya."

Bai juyo ba.

"Yaya Zubairu."

"Tashi ki hau babur ki tafi gida, Saliha."

"Motar wa ce wannan?"

"Na ce ki tafi gida."

Ta dafa ƙofar ta miƙe. Tunda take a duniya ba ta taɓa tsayawa gaban yayanta ido cikin ido ba. Shi ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu, shi ya aurar da ita.

"Motar wa ce?"

"Tawa ce."

"Kafin ta zama taka."

Zubairu ya kau da kai.

"Baban Dauda, ka yi magana mana!" Hinda ta fashe da kuka. "Ka ce mata a Kotonu ka saya! Ka ce mata ba ka sani ba!"

Zubairu ya cire hularsa ya share goshi. Ya dubi titi, inda mutane suka fara rage tafiya suna leƙe.

"Rabe, saki labulen buhun nan. Ka tsaya daga waje, kar kowa ya matso."

Rabe ya ajiye ƙarfen a kan benci kamar yana ƙona shi, ya fita ya saki labule. Rumfar ta yi duhu-duhu.

"Ba daga Kotonu take ba," Zubairu ya ce. "A Kano take ajiye tun lokacin. Can aka yi mata fenti, can aka yi mata fata."

Hinda ta zauna daɓas a kan wata tsohuwar kujerar taksi.

"Sata ka yi? Ni Hinda, motar sata nake tuƙawa cikin gari ina ɗaga wa mutane hannu?"

"Ban saci komi ba. Alhaji Ari da hannunsa ya ba ni lakile."

"Alhaji Ari?" Saliha ta maimaita. "Alhaji Arin da ya tsaya ƙofar masallaci ya ce mijina ya gudu da motarsa? Ya san inda take?"

"Ya sani."

"Kai ma ka sani."

"Na sani."

Ta yi wata irin dariya marar daɗin ji.

"Hidaya ta dawo daga makarantar lekol tana kuka, an ce mata ƴar ɓarawo. Kai ka ɗauke ta ka ɗora a cinya, ka ce ta yi shiru Allah na nan. Ka tuna?"

"Saliha..."

"Ya Kaka ta sayar da shanunta tana bin malamai a nemo mata ɗanta. Yau da safe a kujerar nan ta zauna, Yaya! A kan jinin ɗanta ta zauna tana sa maka albarka, wai Allah ya ƙara maka arziki!"

"Ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Na ci tuwonka, na kwana ɗakinka, kullum in na yi salla sai na roƙa maka aljanna. Ashe..." Ta matso gabansa. "Kai ka kashe shi?"

Hinda ta ɗago da sauri.

"Saliha, ki ji tsoron Allah!"

"Shi nake tambaya. Yaya, kai ka kashe min miji?"

Zubairu ya daɗe yana kallonta. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Abin da kike zato ke nan a kaina?"

"Ga huda. Ga jini. Ga mota a hannunka. Me kake so in zata?"

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Mijinki mene ne aikinsa?"

"Ka fi ni sani."

"Faɗa min."

"Direba."

"A ina direba ke zama?"



Ta juya ta kalli motar. Sitiyari na can ɗaya gefen. Kujerar da aka farke ta mai zaman banza ce.

"Husaini ba ya ba kowa tuƙi, kin sani," Zubairu ya ce. "Ko Alhaji Ari bai isa ya karɓi sitiyari a hannunsa ba. Ranar ma shi ke tuƙi."

"To... to jinin wa ne?"

Zubairu ya kama wuyan rigarsa ya zare ta ta kai, ya jefar kan benci. Ya ɗaga singileti.

A ƙasan haƙarƙarinsa na hagu akwai tabo, zagayayye, ya lotsa ciki. Ya juya musu baya. Wani tabon ne a can, ya fi na gaba faɗi, fatar wurin ta tattare kamar ƙuna.

"Nan ya shiga," ya ce. "Nan ya fita."

Hinda ta miƙe tsaye, hannunta a ka.

"Ka ce min opirasiyo ce! Ka ce min ciwon ƙoda ya kama ka a Kano aka yi maka aiki! Ni na riƙa gasa maka wurin da ruwan zafi!"

Kan Saliha ya sara. Ta tuna. Satin da Husaini ya ɓace, Yaya ba ya gari. Sai daga baya ya dawo a rame, yana tafiya a duƙe, ya zo ya kwashe ta da kayanta. Ba ta taɓa haɗa abu biyun ba. Ko sau ɗaya.

"Kana cikin motar," ta ce a hankali. "Kuna tare."

"Muna tare."

"Ƴan fashi ne suka tare ku?"

"Ba wanda ya tare mu."

"To wa ya harbe ka?"

Ya saki singiletin. Ya ɗauki ɗan ƙarfen da ke kan benci, ya juya shi a tafinsa, ya kamo hannunta ya saka mata.

"Mu biyu ne kaɗai a motar, Saliha."

Ta yar da ƙarfen kamar kunama.

"Ƙarya ne!"

"Na so ki mutu ba ki ji wannan ba."

"Ƙarya kake yi, Yaya! Baban Hidaya ko kaza ba ya iya yankawa, maƙwabci nake kai wa! Ina ya ga bindiga? Me ka yi masa? Don ka ga ba ya nan ya kare kansa shi ne za ka ɗora masa? Ka kashe shi kuma ka bi shi da sharri har kabari?"

"Wane kabari?"

Ta tsaya cak.

Zubairu ya mayar da rigarsa, ya ɗauki hula. Ya miƙa wa Hinda hannu, ta saka masa lakile ba tare da ta san ta yi ba. Ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya riƙe ta a buɗe.

"Tunda ni maƙaryaci ne, shiga."

"In shiga in je ina?"

"Ba nisa. Kafin la'asar mun isa." Ya kalle ta. "Ki tambaye shi da bakinki."